Kafin ka goge XAMPP, tsaya ka karanta abin da ya ce maka

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan ajin ƙarshe na ɓangaren kwamfuta da ke Yelwa da Gubi, da na Fedpoly a Gwallameji, da na Tatari Ali a Wuntin Dada. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Lokacin firojek ya kama, ba sai an faɗa wa kowa ba. Da ka buɗe guruf ɗin aji za ka tarar da hotunan fuskar laftof, an ɗauka da waya a karkace, ko dai jan rubutu ko farin shafi da layi ɗaya na Turanci a sama, a ƙasa an rubuta "don Allah a taimaka, jibi zan kai wa sufabaiza." Kafin minti biyar wani zai amsa, "goge XAMPP ɗin ka sake sakawa." Wani ya ƙara da cewa, "ni dai fomatin na yi ya dawo daidai." Wannan amsar ce ta sa na zauna rubutun nan. A ganina ita ce shawara mafi muni da muke ba junanmu a harkar nan, kuma ita ce ta fi kowace yaɗuwa.

Wannan layin na Turanci da ke tayar mana da hankali, ni a wurina ya fi babi na biyu na firojek ɗin amfani, wanda dukkanmu mun san yadda ake haɗa shi. Kwamfuta ce take gaya maka abin da ke damunta, da lamba, wani lokaci har da sunan fayil da layin da ta tsaya. Mu kuma da mun ga ja sai gabanmu ya faɗi, mu ɗauki hoto, mu tura, ba mu karanta ba. Na sha tambayar mai neman taimako, "me ya rubuta?" sai ya ce "era ce kawai." Wace erar? Sai a lokacin zai duba.

Bari in fara da abin da ya kamata a ce an zaunar da mu a kansa tun aji biyu. Manhajar da kake ƙoƙarin ɗorawa, ko WordPress ce, ko ta Laravel, ko ta PHP zalla ta rajistar ɗalibai ko ta asibiti, kashi biyu ce. Akwai shafukan da kake zubawa a foldar htdocs, akwai kuma rumbun bayanai, wanda muke ce wa databes, inda sunaye da lambobi da maki suke zaune. Ka ɗauka manhajar yaron shago ce a kasuwar Muda Lawal, kaya kuma suna sito. Kafin yaron ya ɗauko kaya dole ya san layin da siton yake, ya san wane sito ne a layin, mai gadi ya san sunansa, kuma makullin da ke hannunsa ya zama na ƙofar ne. Abubuwa huɗun nan su ne a rubuce a fayil ɗin saiti: adireshin, sunan databes, sunan mai shiga, da kalmar sirri. A WordPress suna cikin wp-config.php, a Laravel suna cikin .env, a firojek ɗin PHP na gida kuma yawanci wani config.php ne ko db.php ko connection.php. Idan WordPress ta rubuta maka "Error establishing a database connection", abin da take nufi shi ne yaron ya je ya dawo hannu biyu. Ko ɗaya daga cikin huɗun nan ba daidai ba ne, ko kuma siton a rufe yake gaba ɗaya.

Kuma MySQL ba ya ɓoye wanne ne. Idan ka ga lamba 1045, da "Access denied for user 'root'@'localhost'", mai gadi ne ya hana ka shiga. Ka ƙarasa karanta layin, a ƙarshensa za ka ga "using password: YES" ko kuma NO. YES na nufin manhajarka ta miƙa kalmar sirri amma ba ita ba ce. NO na nufin ba ta miƙa komai ba alhali ana buƙata. XAMPP in ka saka shi sabo, root ɗinsa ba shi da kalmar sirri ko kaɗan. To in ka kwaso firojek daga laftof ɗin abokinka wanda ya sa wa nasa 1234, fayil ɗin saitin zai ci gaba da miƙa 1234 a ƙofar da ba ta san ta ba. Gyaran bai wuce daƙiƙa talatin ba. Amma na ga wanda ya yi fomatin a kan wannan, ya kwana yana sauke direbobi da datar aro, da safe ya mayar da firojek ɗin, 1045 ta sake tarbarsa, don kuskuren yana cikin fayil ɗin da ya ajiye a filash.

Lamba 1049, "Unknown database", ta ma fi sauƙi. An bar ka ka shiga, amma siton da ka ambata babu shi. Kwafar folda zuwa htdocs ba ta ƙirƙirar databes. Sai ka buɗe phpMyAdmin ka ƙirƙira da sunan da fayil ɗin saiti ke nema, harafi da harafi, sannan ka shigar da fayil ɗin .sql ta Import. In ka ƙirƙira amma ba ka shigar ba, 1049 za ta tafi, 1146 ta zo ta ce tebur kaza babu shi. Wannan ci gaba ne fa. Idan lambar ta canza, ka tsallake mataki ɗaya ke nan, ka daina cewa "har yanzu bai yi ba."

Sai 2002, wadda ke nufin ba a ma samu wanda zai amsa sallama ba. MySQL ɗin bai tashi ba. A nan ne ake haɗuwa da jan rubutun da ya fi kowanne sa ɗalibi zufa, "MySQL shutdown unexpectedly", kuma a nan ne nake so mu daɗe, domin a nan ake asarar aikin watanni.

Dalilan da na fi gani biyu ne. Na farko rigimar ƙofa. MySQL yana sauraro ne a ƙofa mai lamba 3306, kuma shiri biyu ba sa zama a ƙofa ɗaya. Da yawa daga cikinmu mun taɓa saka MySQL na daban tare da Workbench lokacin kwas ɗin databes, ko mun saka WAMP kafin mu koma XAMPP, muka manta da shi. Shi kuma yana tashi da kansa duk lokacin da Windows ta kunna, ya tare ƙofar tun kafin ka danna Start. Ka buɗe cmd ka rubuta netstat -ano | findstr 3306, za ka ga ko akwai wanda ya riga ka. In akwai, ko ka tsayar da shi a services.msc, ko ka mayar da na XAMPP zuwa 3307 a cikin my.ini. In ka zaɓi na biyu, ka tuna dole ka sanar da phpMyAdmin da manhajarka sabuwar lambar, in ba haka ba za su ci gaba da ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Ka sake saka XAMPP sau goma, wancan na farkon yana nan zaune a 3306 yana jiranka.

Dalili na biyu namu ne na gida, wuta. Mafi yawanmu laftof na hannu muke riƙe da shi, batirin ya daɗe da mutuwa, yana aiki ne kamar talabijin. Kana cikin shigar da bayanai a ɗaki a Gwallameji ko a lungun Yelwa, a ɗauke wuta, ya mutu nan take. Databes kuwa ba ya son a katse shi yana tsakiyar rubutu. Sau da yawa yakan farfaɗo da kansa, amma wata rana fayilolin da yake rubutu a ciki za su lalace, ka danna Start ya yi kore na ɗan lokaci ya koma. Ko rufe murfin laftof da kashe shi ba tare da danna Stop ba yana iya jawo haka.

Yaya za ka bambance tsakanin biyun? A gefen Start ɗin nan akwai maɓallin Logs. Ban san me ya sa muke tsoronsa ba. Yana buɗe mysql_error.log, ka gangara ƙasa can, ka karanta layukan ƙarshe masu kwanan watan yau. In rigimar ƙofa ce za ka ga ana maganar port da 3306. In lalacewa ce za ka ga sunan InnoDB ko Aria da sunan fayil ko teburin da ya sami matsala. Ba sai ka fahimci kowace kalma ba. Layi biyu sun isa su raba maka hanya.

Yanzu ga inda "goge ka sake sakawa" ke zama bala'i. Duk bayananka suna cikin C:\xampp\mysql\data. Lokacin da za ka sake sakawa, XAMPP ba ya yarda ya sauka a foldar da ke da kaya, sai mutum ya fusata ya goge C:\xampp ɗungurungum. Wanda ya yi wayo ya kwafe htdocs, yana ganin ya tsira da firojek ɗinsa. Shafukan ya tsira da su. Tebura goma sha biyar da ya gina, da bayanan gwajin da ya kwashe makonni yana shigarwa, sun tafi. Wata 'yar ajinmu ta je ta tattaro bayanai da hannu daga wata makarantar sakandare, sunaye ɗari da wani abu da makinsu na zango uku, ta shigar ɗaya bayan ɗaya. Saura kwana tara difens aka ba ta wannan shawarar a guruf. Wanda ya ba ta da zuciya ɗaya ya yi, amma ba shi ne ya sake zama ya shigar da su ba.

Akwai kuma maganin da ke yawo a YouTube, na canza wa foldar data suna, a kwafo foldar backup a mayar da ita data. Yana aiki, amma da sharaɗi. Bayan ka mayar da foldojin databes ɗinka, dole ka kwafo fayil ɗin ibdata1 daga tsohuwar foldar, don a cikinsa ne aka rubuta bayanin teburanka. Wanda ya tsallake wannan zai ga sunayen teburansa a phpMyAdmin, ya yi hamdala, ya danna, a ce masa 1932, tebur ɗin babu shi a injin. In kuma ya riga ya goge tsohuwar foldar don murna, shi ke nan. Saboda haka kafin ka taɓa komai, ko wace shawara aka ba ka, ko da tawa ce, ka kwafe foldar data gaba ɗaya ka ajiye a wani wuri.

To bari in zo kan maganar da na san ba kowa zai so ta ba. Kaso mai yawa na hotunan da ake turowa, ba firojek ɗin da mai shi ya rubuta ba ne. An saya ne a shago, ko an sauke a intanet an canza launi da suna. Ba sai ka tambayi mutum ba, erar ce ke tona asiri. Idan ka ga "Call to undefined function mysql_connect()", ka san abin da ke hannunka tsoho ne tukuf. PHP ta fara gargaɗi a kan wannan hanyar haɗi tun 2013, sannan ta cire ta gaba ɗaya a PHP 7 da ya fito a watan Disamba na 2015. Wato kod ɗin da aka karɓi kuɗinka a kansa an rubuta shi ne lokacin da wasunmu ke firamare ko ƙaramar sakandare, kuma Allah kaɗai ya san ɗalibai nawa suka kare shi kafin kai. Mai shagon zai ce ka nemo tsohon XAMPP na zamanin PHP 5 ka saka, kuma zai yi aiki. Sai ka fita da digiri ka iya tayar da abin da duniya ta binne shekara goma da suka wuce.

Ban zo zagin kowa ba, don na san abin da ke tura mutum shagon. Akwai wanda ya kai aji uku bai mallaki laftof ba. A makarantu da yawa, Arewa da Kudu, ana koyar da SQL a kan allo, a rubuta SELECT a takardar jarrabawa a ci A, ba a taɓa ganin yadda databes ke ƙin tashi ba. Wasu sun yi SIWES ɗinsu a ofishin da aikinsu bai wuce fotokwafi ba. Sai a wayi gari a ce ka gina cikakken tsari cikin wata huɗu, ga kwasa-kwasai, ga kuɗin bugawa da ɗinki. Duk wannan gaskiya ne. Amma ko da sayen ka yi, tun da ya riga ya faru, ranar da ka zauna ɗora shi a laftof ɗinka ita ce damarka ta ƙarshe ta sanin abin da za ka tsaya ka kare. In ka mayar da shi shagon aka ɗora maka, ka biya kuɗi sau biyu ke nan don kada ka koyi komai. In ka zauna ka bi 1045 zuwa 1049 zuwa 1146 da kanka, ka mayar da mysql_connect zuwa mysqli ko PDO layi bayan layi, wallahi kafin ka gama ka san kowane lungu na firojek ɗin fiye da wanda ya sayar maka.

Akwai kuma kurakurai biyu da na fi so a yi magana a kansu, don namu ne mu Hausawa, kuma bidiyon Indiyawan da muke koyo da shi ba zai taɓa ambatarsu ba.

Na farko haruffanmu masu lanƙwasa. Ka gama ɗorawa, komai ya yi kore, ka shigar da Ɗanladi daga Tafawa Ɓalewa, ka buɗe jerin sunaye ka ga ?anladi. Ko kuma ka leƙa phpMyAdmin ka ga "ƙasa" ta koma Æ™asa. Ko ya ƙi karɓa ma, ya ce 1366, "Incorrect string value". Asalin abin tarihi ne. Kamfanin da ya fitar da MySQL a 1995 na ƙasar Suwidin ne, kuma tsawon shekaru tsarin haruffan da yake zuwa da shi shi ne latin1_swedish_ci, wanda aka yi don harsunan Yammacin Turai. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ a cikinsa. Sai a MySQL 8.0 na 2018 aka mayar da utf8mb4 ya zama na asali. Duk tsohon fayil ɗin .sql da ka shigar, akwai yiwuwar a ƙarshen kowane tebur an rubuta latin1, kuma zai ƙirƙiri teburan a haka ko da sabon XAMPP kake amfani da shi. Gyaran wuri uku ne, kuma dole su yi daidai da juna: tebur ya zama utf8mb4, haɗin da PHP ke yi ya zama utf8mb4, shafin kansa ya bayyana UTF-8. Ka lura da bambancin alamomin. Æ™ na nufin bayanan suna nan, karatunsu ne aka yi ba daidai ba, ana iya ceto su. Alamar tambaya kuwa in ta riga ta zauna a cikin tebur, harafin ya tafi har abada, sai dai a sake shigarwa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne maganin da muke yi wa wannan: sai mu daina rubuta lanƙwasa. Mu rubuta Danladi, mu wuce. Mun saba ganin sunayenmu a haka a takardun banki da katin shaida har mun ɗauka haka Allah ya yi kwamfuta. Alhali layi ɗaya ne na saiti. In mu da muka karanci kwamfuta a Bauchi ba mu gyara wannan ba, wa muke jira ya zo daga Bangalor ya gyara mana?

Na biyu ya ma fi haɗari. Jihar Bauchi tana da ƙananan hukumomi 20, ka gwada shigar da su a fom ɗin firojek ɗinka. Alƙaleri za ta gwada maka lanƙwasa. Da ka zo Jama'are, in kod ɗin irin na shago ne, sai shafin ya fashe da 1064, "You have an error in your SQL syntax". Haka zai yi wa Sa'adatu da Mu'azu da Isma'il da Asma'u. Dalili shi ne kod ɗin yana ɗaukar abin da aka rubuta a fom ya liƙa shi kai tsaye cikin umarnin SQL, ita kuma wannan 'yar alamar da ke tsakiyar Jama'are, a wurin SQL alamar rufe zance ce. Sai ya ɗauka sunan ya ƙare a Jama, ragowar "are" kuma umarni ne da bai gane ba. Na ga wanda ya magance wannan da hana fom ɗin karɓar alamar. Amma ramin da Jama'are ta faɗa, shi ne dai ramin da ɓarayin intanet ke shiga su buɗe shafin admin ba kalmar sirri, ko su kwashe tebur gaba ɗaya, abin da ake kira SQL injection. Maganinsa na gaskiya shi ne a raba umarni da bayani, wato amfani da prepare a mysqli ko PDO. Sunan ƙanwarka ya nuna maka ɓarakar tsaro kyauta, wadda kamfanoni ke biyan mutane su nemo musu.

Waɗanda sufabaiza ya ce su ɗora a intanet kuma, wani sabon zagaye ne, amma na abubuwa huɗun nan ne dai. A cPanel babu root marar kalmar sirri. Sunan databes da na mai shiga duk ana liƙa musu sunan asusunka a gaba, kuma bayan ka ƙirƙiri biyun sai ka haɗa su ka ba mai shigan izini, matakin da kusan kowa ke mantawa. Injin da ke can yawanci Linux ne, shi kuma yana bambanta babban harafi da ƙarami a sunan tebur, abin da Windows ba ta damu da shi ba, don haka Students da students abu biyu ne a can. Sannan abin da XAMPP ke rubuta wa MySQL a fuskarsa, tun 2015 MariaDB ne a ciki. Michael Widenius yana cikin waɗanda suka assasa su duka biyun, ya sa wa na farko sunan 'yarsa My, na biyu sunan 'yarsa Maria, bayan ya raba gari da inda MySQL ya nufa a 2009. 'Yan uwan juna ne amma ba komai suke tarayya a kai ba. In abokinka ya fitar da .sql daga MySQL 8 ka zo shigarwa a XAMPP, za ka iya cin karo da 1273, "Unknown collation", a kan utf8mb4_0900_ai_ci. Ka buɗe fayil ɗin, ka maye gurbinsa da utf8mb4_unicode_ci duk inda ya fito, ka sake gwadawa.

Na san wani zai ce duk wannan dogon bayanin na mene ne, tun da ga ChatGPT. Ni ma ina amfani da shi, kuma yana taimakawa ƙwarai. Amma amsar da yake bayarwa daidai take da tambayar da aka yi masa. Ka ce masa "MySQL ɗina ya ƙi tashi", ya jero maka hanyoyi bakwai, ciki har da mai goge maka bayanai, kai kuma ka bi su a jere ido rufe. Ka ba shi layukan ƙarshe na mysql_error.log, ya nufi matsalar kai tsaye. Ko a nan ma sai ka san inda ake duba erar. Kuma don Allah, ko shi za ka tura wa ko guruf, ka share kalmar sirrin da ke fayil ɗin saiti tukuna. Na ga .env na shafin da ke kan intanet, da komai nasa a buɗe, a guruf mai mutum sama da ɗari biyu.

Ga malamanmu kuwa, da girmamawa, ina da roƙo ɗaya. A ranar difens ana ɓata lokaci mai yawa a kan tazarar layi da tsarin jerin manazarta, sannan ɗalibi ya buɗe laftof ɗin da aka riga aka saita masa, ya danna nan ya danna can, a tafa. Da za a ajiye kwamfuta ɗaya ta sashe mai sabon XAMPP, a ba kowane ɗalibi minti ashirin ya ɗora firojek ɗinsa daga filash, da foldarsa da fayil ɗin .sql, da an huta da dogon bincike a kan wa ya saya wa ya rubuta. Malami ma yana iya canza harafi ɗaya a fayil ɗin saiti ya ce bismillah, nemo. Za a ce wannan zalunci ne ga wanda bai samu horo ba. Na yarda, in aka wayi gari aka fara shi a bana ba sanarwa. Amma in tun aji biyu an san haka za a yi, kuma aka ware ko da zama uku a lab inda za a ɓata databes da gangan a ce a gyara, to ɗalibai za su nemi sanin abin da kansu. Wanda zai ɗauke ka aiki, ko asibitin da zai ba ka kwangilar tsarin katin marasa lafiya, ranar da abin ya tsaya ba zai tambaye ka babi na biyu ba.

Mu kuma masu amsawa a guruf, mu ji tsoron Allah a kan laftof ɗin mutane. In ba ka ga erar ba, kada ka ba da magani. Ka tambayi lambar, ka tambayi me ya canza tun lokacin ƙarshe da abin ya yi aiki, ka tambaya ko yana da kwafin bayanansa. Mai tambaya shi ma ya kwafo rubutun erar ya liƙa, ya daina ɗaukar hoton da hasken taga ya cinye rabinsa, ya faɗi wane XAMPP ne da wane PHP.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka wanda nasa ke aiki lafiya a yanzu, shi ne ya fi dacewa ya yi wannan yau da dare: ya buɗe phpMyAdmin, ya zaɓi databes ɗinsa, ya danna Export, ya sa wa fayil ɗin kwanan wata, ya tura wa kansa ta imel ko Google Drive, kada ya tsaya a filash kaɗai. Ya maimaita duk ranar da ya ƙara wani abu mai yawa. Sannan ya ɗauki wannan fayil ɗin da foldarsa ya je ya ɗora a laftof ɗin abokinsa daga farko, ya shigar da Asma'u daga Jama'are da Ɗanladi daga Alƙaleri, ya ga abin da zai fito.

Wanda nasa ya riga ya tsaya kuma, ya ajiye lambar erar da layukan ƙarshe na Logs a kwament, ni ko wani zai duba in sha Allahu. Amma ya kwafe foldar data tukuna.